Tambaya da Amsa: Yaya haƙorin mamaci ke nuna cutar da ta kama shi shekaru 5,000 da suka wuce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Na ji ana cewa masana sun gano cutar da ta kashe mutanen da suka rayu dubban shekaru baya, wai daga ƙasusuwansu. Ƙashin da ya kusa zama ƙasa, me ya rage a cikinsa? In kuwa gaskiya ne, me ya hana a yi wa mutanen Nok ko na Kufena irin wannan bincike?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai kalmar "kashe" tana buƙatar gyara, zan zo kanta.

Mafi yawan aikin a haƙori ake yin sa. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan rami mai ɓargo da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ciwonsa ke hana barci. Idan mutum ya mutu ƙwayar cuta na yawo a jininsa, wasu daga cikinta sukan maƙale a ramin nan, haƙori kuwa ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, sai ya zame musu rufaffen akwati. Ƙwayar kanta ta mutu tuntuni. Abin da ya rage shi ne ɓurɓushin DNA ɗinta, wato rubutun gado da kowace halitta ke ɗauke da shi, wanda aka gina da haruffa huɗu: A, C, G da T.

Mai bincike yakan shiga ɗakin gwaji sanye da farar riga tun daga kai har ƙafa, da takunkumi da safar hannu ninki biyu, don numfashinsa kaɗai ya isa ya gurɓata samfurin. Ya yanka haƙorin, ya kankaro garin da bai cika bakin cokalin shayi ba, ya narkar da shi, na'ura ta karanto miliyoyin gutsattsari. Kowane guntu gajere ne, galibi bai kai harafi 100 ba, kuma mafi yawansu na ƙwayoyin cikin ƙasa ne da suka shiga gawar bayan binnewa. Kamar a ba ka tsohon littafin da gara ta cinye, gauraye da yagaggun takardun wasu littattafai, a ce ka gane shi ta hanyar gwada kowane yanki da sabon bugu. Kwamfuta ce ke wannan gwadawar. Akwai kuma alamar da ke raba tsohon DNA da sabo: in ya daɗe, harafin C da ke bakin guntu yakan lalace har na'ura ta karanta shi a matsayin T. Duk samfurin da ba shi da wannan tabo, ana zargin na jiya ne.

Cutar da ta fi amfana da wannan fasaha ita ce annobar da ƙuma ke ɗaukowa daga ɓeraye, wadda ƙwayarta ake kira Yersinia pestis. A 2011 aka karanta rubutun gadonta daga haƙoran mutanen da aka binne a wata maƙabartar Landan lokacin babbar annobar 1348, wadda ta halaka kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai ko fiye. Wannan ya kashe gardamar da aka daɗe ana yi kan ko wace cuta ce. Abin mamakin ya zo a 2015, lokacin da ayarin wani masani mai suna Eske Willerslev a Denmak ya duba haƙoran mutum 101 na zamanin tagulla daga Turai da Asiya, ya sami ƙwayar a bakwai, mafi tsufansu ya kusa shekaru 5,000. Babu rubutu, babu labarin kaka da kakanni da ya ambaci annoba a wancan zamani. Kuma tsohuwar ƙwayar ba ta da wani yanki na gado da ke ba ta damar rayuwa a cikin hanjin ƙuma. Ke nan cutar ta daɗe tana kama mutane kafin ta samu hanyar bin ƙuma, ana iya ganin lokacin da ta ƙara makami.

Ga wani misalin da ya fi kusa da mu, tunda cibiyar horas da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan Saye, kusa da Zariya. An daɗe ana koyar da cewa daga shanu ɗan Adam ya ɗauki tarin fuka sa'ad da ya fara kiwo. Kwatanta rubutun gadon ƙwayoyin ya rushe wannan zato: ta shanu reshe ce da ta tsiro daga baya, kuma danginta na kusa shi ne wani nau'in tarin fukan mutane da ake samu a Yammacin Afirka. Sannan a 2014 aka sami ƙwayar a ƙasusuwan mutum uku a Peru, masu shekaru kusan 1,000, tun kafin Turawa su isa can, kuma nau'in da aka gani na wasu dabbobin teku ne masu shayarwa da ke hawowa gaɓa. (Wannan ba izinin shan ɗanyen nono ba ne. Ta shanun tana kama mutum har gobe.)

Yanzu ga gyaran. Samun ƙwaya a haƙori yana nuna mutum ya mutu yana ɗauke da ita, bai nuna ita ce ajalinsa ba. An sami ƙwayar ciwon hanta a ƙasusuwan da aka tono a Jamus masu shekaru 7,000, amma mutum kan yi shekara talatin da ita ya mutu da wani dalili. Haka nan rashin samu ba ya nufin ba a yi cutar ba. Kwalara a hanji take tsayawa, hanji kuwa shi ke fara ruɓewa. Ƙyanda da mura rubutun gadonsu na RNA ne, wato ɗan'uwan DNA, wanda ba ya jure daɗewa. Don haka ni ba na sakin jiki da duk kanun labarin da ya ce an gano abin da ya ƙarar da wata al'umma daga haƙora biyar.

Sai tambayarka ta biyu. Babban abokin gabar DNA shi ne zafi da laima, mu kuwa Allah ya hore mana duka biyun. Abin da zai yi shekaru dubu goma a sanyin Siberiya, a nan ƙarni kaɗan ya ishe shi wargajewa. Matsalar Nok ta ma wuce haka: ƙasar wurin mai tsami ce, tana cinye ƙashi ƙurmus, shi ya sa masu tono daga Jami'ar Frankfurt suka yi shekaru suna samun mutum-mutumin yumɓu da tukwane da gawayi, ƙashi kuwa sai dai labari. A Kufena da tsofaffin unguwannin cikin ganuwa, ko da ƙashin na nan, kabarin Musulmi ba abin tonowa ba ne, kuma a ganina babu binciken da ya isa ya tsallake yardar mutanen wuri, balle aikin da sai an niƙe wani ɓangare na haƙorin.

Duk da haka ƙofar ba a rufe take ba. A 2015 an karanta gadon wani mutum mai shekaru 4,500 daga kogon Mota a Habasha. A 2020 aka yi na yara huɗu daga Shum Laka kusa da Bamenda a Kamaru, biyu masu shekaru kusan 8,000, biyu kusan 3,000. Duka wuraren biyu a ƙarƙashin dutse suke kuma a kan tudu, inda rana da ruwan sama ba sa dukan ƙasa kai tsaye. Gadon mutanen aka karanta a can, ba na cututtukansu ba, amma hanyar ɗaya ce. In kana son shiga wannan fage, sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa yana nan cikin Jami'ar Ahmadu Bello, sai ka haɗa da ilimin ƙwayoyin halitta da na sarrafa bayanai a kwamfuta, don a gaban kwamfuta ake cinye mafi yawan lokacin aikin.