Amsa: Me ya hana Tarkin guduwa daga Death Star?

Kana tambaya me ya sa Tarkin, kwamandan Death Star (tashar yaƙin sararin samaniya mai tarwatsa duniyoyi a fina-finan Star Wars), bai tsere ba alhali an faɗa masa akwai haɗari. Girman kai ne kawai malam, hanyar fita kam yana da ita. A fim ɗin Star Wars na 1977 wani hafsa ya same shi ya ce sun duba yadda 'yan tawaye ke kawo harin, akwai matsala, ko a shirya masa jirgi? Gogan naka ya hau shi da faɗa wai ana dab da nasara ne zai gudu. Ba a jima ba Luke, jarumin 'yan tawayen, ya aika makaminsa ta wata 'yar kafa, tashar ta tarwatse da shi a ciki kusa da duniyar Yavin.

Amma fa ni sai da na kalli Rogue One na 2016 na gane mutumin sosai. Wani babban jami'i Krennic ne ya sha wahalar gina Death Star ɗin, ana gwada makamin kan wani birni a Jedha aka ga yana aiki sai Tarkin ya ƙwace ragamar, daga baya ma ya sa aka harba shi kan duniyar Scarif Krennic yana wurin, ko a jikinsa. Ya zo ya ragargaza duniyar Alderaan a gaban gimbiyarta Leia don sauran duniyoyi su shiga taitayinsu. To wanda duk ikonsa tsoron makamin nan ne, a ji ya ranta a na kare saboda 'yan ƙananan jirage, wa zai ƙara shakkarsa? Shi kansa sarkinsu Palpatine ba na jin zai ƙyale shi.