Sitiyari mai girgiza ko mai turjiya?

Tambayar wannan makon daga unguwar Zango ta fito, nan Damagaram. Mai tambayar ya ce: "Malam, Allah ya ƙara sani. Ina tara kuɗi in sayi sitiyarin wasan tseren mota, irin wanda ake ɗaurawa a tebur a haɗa shi da kwamfuta. A kwalinsa ana rubuta force feedback, mu kuma a cikin abokai 'mai girgiza' muke ce masa. Sunan ya yi? Sannan da na ce mai ƙarfin nake so, sai yayana ya ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Zagina ya yi?"

Ɗana, sunan bai yi ba, kuma idan ka shiga kasuwa da shi zai iya sa ka yi asara. Girgiza motsi ne na kai da komo wanda bai nufi ko'ina ba. Wayarka ma tana yi idan kira ya shigo. Akwai sitiyari masu araha da iyakar aikinsu ke nan: ka hau tsakuwa su yi ɓari, ka daki bango su yi ɓari, ka sake su roba ko sifirin ya mayar da su tsakiya. Yawancinsu digiri 180 ko 270 suke juyawa, wato ko juyi ɗaya cikakke ba sa yi. Ka ce wa mai shago "mai girgiza", ya miƙo maka wannan, bai yi maka ƙarya ba.

Abin da kake nema yana da inji a ciki wanda ke murɗa sitiyarin da kansa, gwargwadon abin da tayoyin gaba ke fuskanta a cikin wasan. Ka shiga kwana da gudu, sai ka ji ya yi nauyi yana ja da hannunka. Taya ta fara sulɓewa, sai nauyin ya ɓace nan take, tun idonka bai gani ba. Kalmar da Hausa ta tanada wa wannan ita ce turjiya. A turje shi ne a kafe a ƙi bin mai ja, yadda ragon layya ke yi a hanyar gida. Ni dai "sitiyari mai turjiya" zan ce. Na ji masu cewa "mai mayar da martani", ma'anar ta fita, amma ya yi tsawo, kuma ƙamshin labaran rediyo yake yi. Idan kwalin da Faransanci aka rubuta shi, retour de force za ka duba.

Sunan kansa shi ne gwajin. Ka sa a jona shi da wuta da kwamfuta kafin ka biya. Mai turjiya na gaske yana da nasa wayar wuta daban da ta kwamfuta, kuma in irin na masu farawa ne, ana kunna shi zai juya da kansa har ƙarshen hagu da dama, sannan ya tsaya a tsakiya. Mai arahar da ya zauna shiru yana jiran hannunka, ajiye shi.

Sai maganar yayanka. Linzami kalma ce da ta samo asali daga Larabci, lijam, ƙarfen da ake sa wa doki a baki. Karin maganar ana yin ta ne idan abu ya wuce matsayin mutum ko ƙarfin aljihunsa. Ba zagi ba ne, tsokana ce ta wa da ƙane, ko da yake babu mai son a kira shi kaza. Abin da ya burge ni shi ne yayan naka ya ɗauko kalmar da ta fi dacewa da zancen. Tambayi kowane mahayi a cikin masu hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram: da linzami yake ba doki umarni, kuma ta linzamin yake jin abin da dokin ke shirin yi. Saƙo na tafiya, saƙo na dawowa. Aikin sitiyari mai turjiya ke nan.

To wane linzami ne daidai bakin mai farawa? Iri uku ne. Na farko injinsa na juya sitiyarin ta haƙora masu shiga juna, kamar Logitech G29 da ya fito a 2015. Yana juyi digiri 900, juyi biyu da rabi ke nan, kuma yana zuwa da totur da birki da kuloci. Yana da ƙara, ana ɗan jin haƙoran a hannu, birkinsa kuma da tauri, amma an san shi da juriya, kuma yawansa a duniya ya sa na hannu ba ya wuyar samu. Na biyu bel ke jan sa, kamar Thrustmaster T300, mai juyi uku cif, wanda ya fi laushi da shiru. Ƙanensa T150 ya haɗa bel da haƙora, sai dai matakansa na ƙafa biyu ne kawai, totur da birki, na roba. Na uku shi ne wanda sitiyarin ke zaune a kan sandar injin kai tsaye, ba bel ba haƙori. Fanatec CSL DD na 2021 yana ba da ƙarfin murɗa niyuton-mita 5, Moza R5 kuma 5.5, alhali G29 bai wuce biyu da ɗoriya ba. Ina jin wannan na ukun ne ka ambata wa yayanka.

A nan ina bayansa, amma ba don hannunka ba. Teburinka ne kazar. Ka ɗaura mai niyuton-mita 5 a kan teburin katako marar nauyi, kwanar farko za ka ga teburin na bin ka, matakan birki kuma na gudu a kan siminti. Sai ka ƙara kuɗin walda da kujera. Fara da na farko ko na biyu, ka sa matakan su tokari bango, ka riƙa rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu, ka kuma saya masa na'urar daidaita wuta don ranar da lantarki ya dawo da fushi.

Wata karin maganar da za ta yi maka amfani a shago ita ce "kama da wane ba ta wane". G29 da G920 kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne, duka suna aiki a kwamfuta, amma a na'urorin wasan bidiyo na farkon na PlayStation ne, na biyun na Xbox. Haka T150 da TMX. Idan wata rana kana son buga wasan tseren Gran Turismo 7, wanda a PlayStation kaɗai yake, G920 ba zai yi maka ba. Kuma sandar giya ta Logitech daban ake sayar da ita, don haka idan ɗan saƙo ne zai taho maka da kayan daga Kano, rubuta masa sunan da lambar a takarda.