Amsa ga ɗana kan yayyafin ɗigo a hoto

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso. Ka tambayi dalilin da ya sa masu aikin hoto a kwamfuta suka saba yayyafa ɗigo-ɗigo idan za su rage wa hoto launi, alhali kai a ganinka ɓata shi suke yi. Wannan al'ada da dalilinta, kuma ba na so ka raina ta.

Hoto mai bit 24 (ma'aunin yawan bayanin launi a kowane ɗigon da ya haɗa hoton) yana ɗaukar launi sama da miliyan 16, nau'in fayil ɗin hoto na GIF kuwa 256 kawai yake riƙewa. In aka mayar da kowane ɗigo zuwa launin da ya fi kusa da shi, sararin samaniya da ke sauyawa a hankali sai ya fito gaɓa-gaɓa, da iyaka a tsakani. Yayyafin yana jera launi biyu dab da juna, ido ya haɗa su ya ga na uku.

Hanyar da masana kwamfuta biyu, Floyd da Steinberg, suka fitar a 1976 ita ce ya kamata ka fara ƙwarewa a kanta. A ce baƙi da fari kaɗai kake da su, 0 da 255, ɗigon kuma darajarsa 100. Ya fi kusa da baƙi, sai ya koma 0. Wannan 100 da ta rage ba a zubar da ita, rabawa ake yi kashi 16: bakwai ga na dama, uku ga na ƙasa ta hagu, biyar ga na ƙasa, ɗaya ga na ƙasa ta dama. Na dama ya ƙaru da kusan 44 ke nan. In ka ga zane kamar tsutsotsi a wuri mai launi ɗaya, ka riƙa bin layi ɗaya daga hagu, na gaba daga dama.

Hoto mai motsi fa, ka yi hattara. Ƙaramin canji yana wargaza ɗigon duka, hoton ya riƙa ƙyalƙyali. A nan jadawalin Bayer na 1973, wato ƙaramin jerin lambobi da ake maimaitawa a kan hoton, ya fi, domin tsarinsa a kafe yake.

Sannan yayyafin shi ne aikin ƙarshe. Ka gama gyara girman hoto tukuna, don in ka rage shi daga baya, zane-zane za su fito. Kada ka ajiye shi a nau'in fayil na JPEG, yana dagula ɗigon. PNG ko GIF za ka yi, kuma ka sani fayil ɗin zai ƙara nauyi, tunda ɗigo a warwatse ba ya matsuwa sosai.

Ka gaida mutanen gida.

Baffanka.