Ƙanƙarar da nake wa yara tana zama kamar dutse, ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Tunda zafin nan ya shigo na hana yarana sayen ƙanƙarar leda a hanyar makaranta saboda ban yarda da ruwan da ake yinta da shi ba, sai na koma ina yi musu a gida da zoɓo, wani lokacin kankana ko abarba. Toh matsalar ita ce in ta daskare tauri take kamar dutse, yaran su tsotse zaƙin da kalar cikin minti biyu su yar min da farar ƙanƙara a tsakar gida. Rannan kuma na haɗa abarba da madara sai ta yi ɗaci. Ga wutar unguwarmu ba tsayawa take ba. Ya zan yi? Daga wata maman yara huɗu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yara, sannunku da zafi, dan na san Sakkwato a watan Afrilu ba wasa, zafin kan haura digiri 40 cikin sauƙi. Abin da kika faɗa kusan duk matan da nake koya wa sarrafa kayan marmari da shi suke fara zuwar min, kuma ba firizarki ce ta lalace ba, ruwa ne ya yi yawa a haɗin naki.

Bari ki ji abin da yake faruwa cikin ledar nan. Ruwa in zai daskare shi kaɗai yake daskarewa, ba ya tafiya da suga ko kala, ture su yake gefe, sai su taru a 'yan ƙananan hanyoyi tsakanin ƙwayoyin ƙanƙarar suna nan da ɗan ruwa-ruwansu. Yaro na sa baki ya ja, wannan ruwan mai zaƙi ne yake fitowa, shi ya sa ake barinki da farin dutse. Kuma iya jinkirin da ta yi kafin ta daskare iya girman ƙwayoyin, in aka ɗauke wuta ta ɗan saki aka dawo da ita ta sake kamawa sai su ƙara girma. Dan haka duk aikin namu shi ne mu hana ruwan samun sararin haɗuwa da ɗan uwansa, kuma abu uku ke yin wannan: suga, naman kayan marmarin da kansa, sai sanyi mai sauri.

Maganar suga na san iyaye ba sa son ji, ni ma uwa ce, amma a ƙanƙara suga ba zaƙi kawai yake bayarwa ba, shi ne yake sa ta yi laushin da haƙori zai iya gutsura. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, ruwan da aka narkar da suga a ciki sai an sauka ƙasa da haka, kuma ba ya ƙanƙamewa gaba ɗaya. Kin lura ta wasu masu talla ga zaƙi har yana hawa kai amma tauri kamar ta fasa haƙori? Sakarin ne suke sawa dan rage tsada, ɗan mitsitsi ya isa ya zaƙaƙa bokiti guda amma ba ya taɓa taurin ko kaɗan. A ruwa lita 1, wato fiya wata leda biyu, ki sa suga giram 150 zuwa 180, kusan gwangwanin madara ɗaya da ɗan ɗori kenan. Ki ɗanɗana, in kin ji daidai yake da yadda za ki sha a kofi toh bai kai ba, sai ya ɗan zarce, saboda sanyi yana dakushe harshe. Kuma kar ki zuba sugan tsaba cikin ruwan sanyi ya je ya kwanta a gindin leda, ki dafa shi da ɗan ruwa ya narke tas tukunna ya huce. In ba kya son suga da yawa ki jiƙa dabino ki cire ƙwallon ki markaɗa ya maye rabi, yana ma ƙara kauri. Zuma ma tana yi sosai, sai dai in akwai jaririn da bai cika shekara 1 ba kar ya lasa.

Yanzu zoɓon naki. Zoɓo ruwa ne tsagwaronsa, ba shi da wani nama, shi ya sa ya fi kowa yin wannan halin, haka tsamiya da lamurje. Dabarar da nake yi, bayan na dafa zoɓon da citta da kanumfari na tace, sai in ɗebi kofi ɗaya in mayar kan wuta, in dama kwanfulawa, wato garin sitacin masara, cokali biyu babba da ruwan sanyi in zuba ina juyawa har ya yi sheƙi kamar talge mai ruwa, sannan in juye cikin sauran. Cokali biyun nan na lita 1 ne, kar ki zarce ki yi wa yara kunu. Dole sai ya dahu fa, ɗanye kwanciya zai yi a ƙasa ya bar gari-gari a baki. Shi sitacin yana riƙe ruwan ne ya hana ƙwayoyin girma, za ki ga kalar ta zauna har ƙarshen leda. Ko kuma ki markaɗa abarba ko gwaiba ki tace 'ya'yan ki haɗa da zoɓon, kashi ɗaya cikin uku.

Kankana kuwa yaudara gare ta, a baki sai ki ce zuma, alhali sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, in kika ƙara mata wani ruwan a bilanda kin gama kashe ta. Ko ɗigo kar ki sa. Ki cire 'ya'yan, ki markaɗa ta ita kaɗai, ki matsa lemun tsami ɗaya, ɗan gishiri a yatsa biyu, sai narkakken sugan. In kina son ta yi laushi sosai ki jefa ayaba ɗaya da ta nuna tubus, lemun tsamin zai hana ta yin baƙi.

Amma ni in za ki bi tawa, mangwaro za ki kama. Allah da ikonSa lokacin da zafi ya fi tsanani shi ne lokacin da yake arha, daga Maris zuwa Mayu ko ina ka juya tulinsa ne, mu nan Kano in ka shiga 'Yan Lemo sai ka rasa inda za ka taka. Mangwaro yana da zaƙinsa yana da kaurinsa, ba ya neman kwanfulawa ba ya neman kala ba ya neman filebo. Ki samu nunanne lugub, irin wanda mai talla yake neman rabuwa da shi da yamma amma bai ruɓe ba, in mai zare ne ki tace a rariya bayan kin markaɗa. Kofi uku na naman mangwaro, kofi ɗaya na ruwa ko yogot, suga cokali uku zuwa huɗu ya danganta da zaƙinsa, rabin lemun tsami. Shikenan. Wallahi ranar da na fara yi a gidana ƙaramar cewa ta yi askirim na sayo na juye a leda. Garin 'ya'yan kuka ma haka yake, in kika jiƙa kika tace kika haɗa da madara da suga kauri yake yi da kansa, ga ɗan tsami mai daɗi, kuma mutane sun raina shi ne kawai dan a ƙauye yake.

Ɗacin abarba da madara ba laifin madararki ba ne. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narkar da furotin, shi ne yake sa ki ji harshe na miki ƙaiƙayi in kin sha da yawa, shi ya sa ma wasu ke sa ta a nama ya yi laushi. In ya haɗu da madara ya zauna sai ya farfasa ta ɗaci ya fito. Gwanda ma tana da irinsa. Maganin ki tafasa markaɗaɗɗiyar abarbar kamar minti 5, zafi yana kashe shi, ta huce sannan ki haɗa. Zoɓo da tsamiya kam kar ma ki gwada su da madara, tsinkewa za ta yi.

Sai sanyi. Ki fara sa haɗin a firij ya yi sanyi sosai kafin ki ƙulla, ki nemi siririyar leda doguwa ba mai faɗi ba, kuma kar ki cika ta dam dan ruwa yana kumbura kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, shi ne kike ganin wasu sun fashe sun ɓata firiza. Kuskuren da kowa ke yi shi ne a tula su cikin bokiti a sa a firiza, na tsakiya sai ya kwana biyu bai kama ba. Ki shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a farantin ƙarfe ko ki jera a jikin bangon firizar, sai sun kama sannan ki tara su. In robar ƙanƙara mai tsinke gare ki ko ƙananan kofuna, ki bari awa ɗaya ta fara kamawa sannan ki soka tsinken ya tsaya a tsakiya, wajen cirewa ki tsoma gindin a ruwan ɗumi kaɗan za ta zame.

Game da wuta, firizar gida mai lafiya tana kai digiri 18 ƙasa da sifili, in a cike take kuma ba a buɗe ta za ta iya riƙe sanyi kusan kwana biyu, in rabi ce kwana ɗaya, koda yake a irin zafinku ni ba zan yarda da ita har haka ba. Ki cika duk wani fili da robobin ruwa su daskare, su ne za su riƙe miki sanyin, sannan ki kafa dokar buɗewa dan yara sun fi rashin wutar illa. In kuma wutar ta ƙi zuwa sam, ki sayi bulon ƙanƙara ki farfasa a kula, kwano uku na ƙanƙara kwano ɗaya na gishiri, ki cakuɗa ki binne ledojin a ciki ki rufe da buhu. Gishirin yana sauke sanyin ya kusa kai na firiza, sirara kan kama cikin awa ɗaya ko makamancin haka. Ki ninka ledar biyu kuma ki ɗauraye kafin ki ba su, in ba haka ba gishiri za su fara sha.

Kin yi daidai da kika ji tsoron ruwan waje, amma ki sani sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake, na taifot da kwalara suna iya rayuwa cikin ƙanƙara su tashi in ta narke. Dan haka ruwan da za ki iya sha kai tsaye shi za ki sa, ki wanke kankana da mangwaron kafin wuƙa ta shiga, kuma kar a hura leda da baki dan a buɗe ta, na ga manya ma suna yi. Ta zoɓo ko tsamiya in ta ɗan saki amma da sauran ƙanƙara a ciki ki mayar ba komai, sai dai laushin ya ragu. Wadda kika sa wa madara, yogot ko kunun aya kuwa in kika tarar ta narke ta koma ruwa ba sauran sanyi, ki zubar kawai kar ki ji asara, kunun aya musamman ba ya haƙuri da zafi ko na 'yan awoyi. Irin waɗannan ki riƙa yin kaɗan-kaɗan, iya wanda za su shanye a kwana biyu, ki fara da mangwaro huɗu gobe ki gani.