Muryar da ke cewa "danna ɗaya": wa ya ƙirƙiro ta, wa ke da takardarta?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a rijiya guda suka ɗebo ruwa, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Wadda ta fi tsawo na rage mata, amma ban taɓa ma'anarta ba.

Tambaya: Malam, in na kira lambar kamfanin waya sai wata mace ta ce in danna ɗaya don kaza, biyu don kaza. Ko ƙarfe uku na dare na kira tana nan. Ta ƙaƙa take sanin abin da na danna? Daga wani dattijo mai sayar da aya a babbar kasuwar Maraɗi.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Baiwar Allah tana gida tana barci; sau ɗaya aka naɗi muryarta, kwamfuta ce ke ta maimaita maka ita.

Sanin abin da ka danna kuwa tsohuwar dabara ce, kamfanin Bell na Amurka ya fito da ita kasuwa a 1963. Kowane maɓalli yana da sauti biyu da ke fita tare, ɗaya mai kauri ɗaya siriri. Lamba 1 tana haɗa sauti mai kaɗawa 697 a daƙiƙa guda da mai kaɗawa 1209. Lamba 5 kuma 770 da 1336. An yi su bibbiyu ne don kada tari, ko kukan akuya a bayanka, ya yi kama da danna maɓalli. Wani abin da ko masu gyara ba duka suka sani ba: a salula, ƙarar da kake ji in ka danna ta kunnenka ce kawai. Wayar saƙo take aika wa rezo cewa an danna kaza, rezo ɗin ne ke ƙera sautin ya miƙa gaba. Shi ya sa ko ka kashe ƙarar maɓallai, matar tana jin ka.

Abin da ke bayan muryar shi ake kira burauzar murya. Yadda Chrome ke ɗauko shafi ya shimfiɗa wa ido, haka ita ma take ɗauko shafi daga intanet, sai dai ta karanta wa kunne. A cikin shafin an rubuta mata: faɗi kaza, jira amsa, in an danna biyu wuce shafi kaza. Kamfanoni huɗu ne, AT&T da IBM da Lucent da Motorola, suka haɗu a 1999 don a samu harshe guda na rubuta irin waɗannan shafuka. Suka sa masa suna VoiceXML, ya fito a 2000, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da bugu na biyu a 2004. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin, in ka canza mai sayar maka da na'ura sai ka sake gini tun daga tushe.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ina son in gina layin da manomi zai kira ya ji kuɗin tiyar gero, wake da aya a kasuwannin Maraɗi, Tasawa da Gidan Runji, da Hausa. Wani aboki ya ce Turawa sun riga sun yi rajistar wannan, za a kai ni kotu. Gaskiya ne? Kuma ni zan iya yin tawa rajistar?

Ƙanena, abokinka ya ji ƙishin-ƙishin ne bai ji ƙarshen labari ba.

Takardar da yake nufi ita ce takardar mallakar ƙirƙira, wadda da Faransanci ake ce wa brevet (ba wancan da ka ci a ƙarshen kwaleji ba). Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: ka bayyana wa duniya dalla-dalla yadda abinka ke aiki, mu kuma mu hana kowa kwaikwayonsa ba da izininka ba, har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda. In wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa.

Tsoron yana da asali, ba zan ɓoye maka ba. Akwai wani Ba'amurke, Ronald Katz, da ya tara takardu da dama kan yadda kwamfuta ke amsa kiran waya ta nemo bayani a rumbu. Bankuna, kamfanonin jirgin sama da na sadarwa sun yi ta biyansa kuɗin lasisi, jimilla ta haura dalar Amurka biliyan guda. Wasu na ganin sa gwani, wasu na ganin mai tare hanya ne da ya dasa shinge inda kowa zai bi. Ni dai na fi karkata ga na biyun, amma ba shari'arsa muke yi ba. Abin da ya shafe ka shi ne waɗannan takardu na shekarun 1980 da 1990 ne, sun daɗe da mutuwa.

Na biyu, takarda ba ta tsallake iyaka. Wadda aka bayar a Amurka a Amurka take aiki. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 mai hedikwata a Yawunde, da aka kafa kan yarjejeniyar Bangi ta 1977. Abin da ba a yi wa rajista can ba, ba shi da haƙori a Maraɗi. Ka lura kuma Nijeriya ba ta cikin OAPI. In wata rana kana son kariya a Katsina ko Kano, sai ka shigar da wata takardar daban a Abuja, duk da Jibiya ga ta nan kusa. Sai wani ɗan tarko: in ka yi hayar kwamfutar da layinka zai zauna a kai a wata ƙasar waje, dokar can tana iya shiga maganar.

Na uku, wanda ya fi duka, ba a mallakar buri. "Manomi ya kira ya ji farashi" buri ne. Abin da ake karewa takamaimiyar hanya ce, wadda aka jera a ƙarshen takardar sharaɗi bayan sharaɗi. Shiga Google Patents ko Espacenet, shafukan neman irin waɗannan takardu, kyauta ne, ka buɗe kowace takarda, ka tsallake dogon bayanin ka tafi kai tsaye wurin sharuɗɗan nan masu lamba. Sai abinka ya cika duk sassan sharaɗi guda kafin a ce ka taka. A can kuma za ka ga ko takardar na da rai ko ta mutu; da yawa tun kafin shekara 20 suke mutuwa saboda mai su ya daina biyan kuɗin shekara-shekara.

Taka rajistar fa? Dokar OAPI ba ta ba manhajar kwamfuta zalla irin wannan takarda. Haƙƙin marubuci ne ke kare ta, wato harkar BNDA, hukumar kare haƙƙin marubuta da mawaƙa ta Nijar. Sunan layinka da tambarinsa kuwa kana iya yi musu rajista a OAPI. In har ka ƙera wata na'ura sabuwa fil, kada ka nuna ta a Facebook kafin ka shigar da takarda, don abin da aka riga aka baza ya daina zama sabo a idon doka.

Amma in gaya maka inda gizo ke saƙar: ba kotu ba ce za ta hana ka barci. Manhajar Asterisk mai sarrafa kiran waya, da Mark Spencer ya fara a 1999, kyauta ce, da ita da ƙaramar kwamfuta da na'urar sa layi za ka gwada abinka a ɗakin kwananka. Wahalar tana wurin samun gajeriyar lamba, wadda sai ka bi ta ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, da kamfanonin waya; da wanda zai biya kuɗin kiran, tunda manomi ba zai ƙona kiredinsa yana sauraron doguwar gaisuwa ba; da wanda zai zaga kasuwa kowace Litinin da Juma'a ya kawo farashin gaskiya. In mutum ya kira sau biyu ya ji kuɗin makon jiya, ba zai kira na uku ba. A jihar Gujarat ta Indiya an gwada irin wannan layi, Avaaj Otalo, wajen 2009. Abu biyu suka fito: manoma sun fi kammala abin da suka kira dominsa in danna lamba suke yi maimakon yi wa na'ura magana, kuma sashen da suka fi so shi ne inda manomi ke barin tambaya da muryarsa a ba shi amsa. Ka fara da maɓalli, zaɓi kada ya wuce uku.

Tambaya: Wa ke da intanet? Kuɗin data da muke saya, akwai kason da ake kai wa wanda ya ƙirƙiro ta? Daga mai cajin waya a unguwar Zariya.

Babu, ɗan'uwa. Ƙa'idar da kwamfutoci ke gaisawa da ita, TCP/IP, Vint Cerf da Bob Kahn ne suka wallafa ta a 1974, ba su killace ta ba. Yanar gizo kuma, da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN, cibiyar ta sake ta ga kowa ranar 30 ga Afrilu 1993. An samu masu neman cin gado daga baya: kamfanin BT na Ingila ya ce wata tsohuwar takardarsa ta shafi danna mahaɗi a shafi, ya kai kamfanin Prodigy ƙara a Amurka, kotu ta yi watsi da maganar a 2002.

Inda kake biya ba ka sani ba shi ne ranar da ka sayi wayar. Wi-Fi, 4G da 5G cike suke da takardun kamfanoni irin su Qualcomm, Nokia, Ericsson da Huawei, masu ƙera waya na biyan su, su kuma su ɗora a farashi. Kiran murya ta intanet ma yana da nasa gwanayen; Marian Croak, baƙar fata ce 'yar Amurka da ta daɗe a kamfanin AT&T, tana da takardu sama da 200, da yawansu kan wannan fanni.

Ga abin da za ka gani da idonka: buɗe ma'ajiyar fayil a wayar Android, nemi jakar saƙonnin murya na WhatsApp. Kowane fayil da .opus yake ƙarewa. Opus hanya ce ta matse murya da aka fitar a 2012 ba kuɗin lasisi, kuma tana cikin dalilan da suka sa saƙon minti guda bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau ba.

Tambaya: Mahaifiyata ba ta karatun boko. Na saya mata babbar waya amma saƙon murya kawai take yi. Za ta iya neman abu a intanet da baki, da Hausa? Daga wata Hajiya a Tibiri.

Hajiya, za ta iya, kuma abin da kike nema an daɗe ana farautarsa: mutum ya yi tambaya da baki, amsa ta fito a allo, ya zaɓa da yatsa. Tun 2001 Microsoft da abokansa suka fito da tsarin SALT, IBM da Motorola da Opera suka fito da nasu, XHTML+Voice. Duka biyun ba su yi kasuwa ba, don wayoyin lokacin ba su da ƙarfi. Sai da Siri, muryar da ke amsa tambaya a wayar iPhone, ta zo a 2011 jama'a suka saba.

A Oktoban 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan bincike da murya da na rubutu da baki a Gboard, allon rubutunsa na waya. Ki sabunta manhajar Google, ki shiga saituna, sashen murya, ki zaɓi Hausa a jerin harsuna. Daga nan alamar makirufo kawai Inna za ta taɓa ta yi magana. Sai da data yake aiki, kuma ta matso da wayar kusa da baki in ana daka a tsakar gida.

Ki sani duk na'urar da ke jin magana, abin da aka ciyar da ita shi ta sani, kuma Hausar da ta fi yawa a intanet ta wajen Kano ce. In Inna ta ce gujiya aka kawo mata wani abu, ta gwada gyaɗa. In ta ce hwari, ta sassauta ta ce fari. Matasan gidan masu data kuma su leƙa Common Voice na Mozilla, akwai Hausa a ciki, ana karanta gajerun jimloli a naɗa kyauta don koya wa na'urori, kuma harshen Gobir da na Katsinar Maraɗi na da wurin zama a can.

Amsar da ta fito a rubuce ita ce ragowar matsala. Ki nuna mata ta yi binciken a YouTube, inda sakamakon hoto ne da murya, ki kuma sa wa lambar kowane ɗa da jika hotonsa, ta riƙa kira da fuska. Ranar farko ki zauna kusa da ita, amma wayar ta kasance a hannunta.