Likita, in ƙwayar cuta ce ta jawo wa ɗana sankara, me ya hana a kashe ƙwayar kawai?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 muƙamuƙinsa ya kumbura, cikin sati 3 har haƙoransa suka fara girgiɗi. An ɗebi tsoka an auna, aka ce sankarar Burkitt ce, wai tana da alaƙa da wata ƙwayar cutar bairas da ake kira EBV. Wani mai sayar da magani ya ce in bar kemo, wato maganin sankara da ake yi a asibiti, yana da abin da zai kashe ƙwayar. Ga fargabar kada ƙannensa su ɗauka. Barci ma ya gagare ni.

Amsa: Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Batun ƙannensa, ki kwantar da hankalinki, ba a ɗaukar sankara. Ƙwayar kam ana ɗaukarta ta yawu, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba ta yi musu komai.

Maganar mai maganin nan ce ke ƙona mini rai, don kullum sai na ji irinta. Gaskiya ne EBV na da hannu, a jikin tsokar wannan sankara ma aka fara gano ta a 1964, shekara 6 bayan likita Denis Burkitt ya bayyana cutar a Yuganda. Tana shiga ƙwayoyin garkuwa na B ta sa su hayayyafa, yawan zazzaɓin cizon sauro ya raunana masu gadinsu, sai a samu tangarɗa a ƙwayar halittar MYC mai sa ƙwayoyin jiki hayayyafa, ta kunnu ta ƙi mutuwa. Daga nan sankarar da kanta take ci gaba. Gobara in ta kama gida, hure ashanar da ta kunna ta ba ya kashe ta. Magungunan bairas irin su asaikulobiya sai ƙwayar tana hayayyafa suke taɓa ta, a cikin sankarar kuwa lamo take yi. Antibayotik ko kusa da ita ba ya zuwa.

Mafi muni shi ne masu cusa wa yaro dekisametason, wani maganin rage kumburi, a ɓoye. Kumburin ya sace cikin 'yan kwanaki, iyaye su yi ta godiya, a daina zuwa asibiti. Sai a dawo mana da shi cikinsa ya yi tim, ko ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa don ciwon ya kai laka. Wannan sankara tana iya ninka kanta cikin awa 24 zuwa 48. Wanda ya cinye wa irin wannan yaro sati 2 don ya sayar da kwalba, ya ji tsoron Allah!

Saurin nata shi ne ya sa take jin kemo sosai, kuma yara da yawa sun warke sarai. Ki mayar da shi asibiti yau. A kwanakin farko za a yi ta ƙara masa ruwa don kare ƙodarsa, ki riƙa lura da fitsarinsa. In kumburin ya ɓace bayan zagayen farko, don Allah kada ki tsaya, sai an kammala duk zagayen da likitansa ya tsara.