Amsa: Jan tabo da wari a banɗaki

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce masai da tayil ɗin banɗakinki sun yi jan tabo, ga wari ko an wanke. Ni ma na sha fama da haka a Rigasa.

Tabon nan yawanci na ruwan burtsatse ne, ƙarfen da ke cikinsa ke kwantawa. Hypo ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙara masa duhu. Ki zuba Harpic a masai, ki bar shi minti 15, ki dirje da burushi. Na tayil kuwa, lemun tsami da gishiri sun isa.

Amma don Allah kar ki haɗa Hypo da Harpic! Iskar da suke fitarwa guba ce. Wata maƙwabciyata ta gwada, sai da aka fito da ita tsakar gida tana tari.

Batun wari, duba magudanar ƙasa, ki zaro gashin da ya toshe ta. Da hunturu ruwan da ke lanƙwasar bututun yakan ƙafe, warin sokawe ya dawo ciki. Ki riƙa zuba masa buta guda. Da damina kuma, musamman Agusta, ki bar taga a buɗe saboda fumfuna.